Zango Bakwai, Gaɓa 12: Yadda Mai Busa Turombon Ke Koyon Magana Ba Tare Da Takarda Ba

Duk wanda aiki ya taɓa kai shi Dandalin Eagle ranar faretin 1 ga Oktoba, ko wurin ajiye furanni ranar tunawa da 'yan mazan jiya, 15 ga Janairu, ya ga wannan abin busa ko da bai san sunansa ba. Shi ne wanda masu riƙe da shi kan kasance a sahun gaba na 'yan badujala, suna tura wani dogon bututu gaba suna janyo shi baya kamar kafinta da zarto. Ba girmamawa ce ta sa ake jera su a gaba ba, gudun kada bututun ya zunguri ƙeyar wani ne. Sunansa turombon, kalmar Italiyanci da ke nufin babban ƙaho.

Waɗannan mabusa ƙwararru ne. A ba su takardar kiɗa su karanta ta kamar yadda mai karatu ke karanta wannan shafi, su busa taken fareti suna tafe cikin rana ba tare da sun kuskure amo ɗaya ba. Amma a ɗauki ɗaya daga cikinsu a kai shi wani ɗan dandalin otal da daddare, mai ganga ya ƙirga huɗu, shugaban makaɗa ya nuna shi da haɓa, alamar fili naka ne, faɗi abin da ke ranka. A nan ne sau da yawa gwanin fareti kan daskare. Fasaha yana da ita, sai dai karatu aka koya masa, ba a koya masa hira ba. Abin kuwa ya shafi aljihu, domin wanda ya iya busan nan-take shi ake kira aikin dare da na biki, kuma shi ne ke da sana'a a hannu ranar da ya ajiye kaki.

Masu rubuta wa manya jawabi sun san irin wannan tsaka mai wuya. Akwai maigidan da in iska ta ɗauke shafi na uku sai taro ya tsaya, akwai kuma wanda zai ninke takardar ya sa a aljihu, ya yi maganar da ta fi wadda aka kwana ana rubuta masa. Mutane kan ce na biyun baiwa gare shi. Shekara biyu da na yi ina koyon turombon a hannun wani dattijo, tsohon ɗan badujala da ya yi ritaya, sun sa na fara shakkar wannan magana. Abin da ake kira baiwa, mafi yawansa tanadi ne da aka yi a ɓoye.

Abin busa marar alama

In aka miƙe bututun turombon na gama-gari, tsawonsa ya kai kimanin mita 2.7. Ba shi da maɓallai irin na turampet, ba shi da ramuka irin na algaita. Abin da yake da shi kawai shi ne wani sashen bututu mai zamewa, wanda za mu kira zamiya a wannan rubutu. In aka tura ta gaba bututun ya ƙara tsawo, amo ya sauka. In aka janyo ta, amo ya hau. Tana da wuraren tsayawa bakwai, mu ce zango bakwai, kowane zango yana saukar da amo da rabin taki. A kowane zango kuma leɓɓan mai busa na iya fitar da amo da dama, gwargwadon yadda ya matse su da kuma saurin iskar da ya hura. Daga haɗuwar waɗannan biyu, hannu da leɓe, ake samun dukkan amon da ake buƙata.

Sai dai babu wata alama a jikin zamiya da ke nuna inda zango na uku ko na biyar yake. Kunne ne alƙali, kamar dai yadda mai goge ba shi da layukan da ke wuyan jita, yatsansa da kunnensa ne ke shirya tsakaninsu. Wannan ce wahalar turombon, kuma ita ce dukiyarsa. Wahala, domin abin da mai saksafon zai yi da ɗaga yatsa ɗaya, mai turombon sai ya motsa hannu gaba ɗaya. Daga amon B-fulat na ƙasa zuwa maƙwabcinsa B, rabin taki kacal, sai an tafi daga zango na ɗaya zuwa na bakwai, tafiyar sama da rabin mita. Dukiya kuwa, domin duk amon da ke ɓoye tsakanin maɓallan fiyano biyu, wanda mai fiyano ba zai taɓa kaiwa gare shi ba, yana hannun mai turombon. Kiɗan buluz kuma a waɗannan tsakankanin yake zaune.

Gidan da ake kira buluz

Buluz kiɗa ne na baƙaƙen fatar kudancin Amurka, jikokin bayi, wanda ya bayyana a ƙarshen ƙarni na 19, ya shiga takarda a farkon na 20. W. C. Handy ya wallafa Memphis Blues a 1912, ya biyo da St. Louis Blues a 1914. Mafi shaharar tsarinsa shi ne mai gaɓa 12, kowace gaɓa bugu huɗu. In ana tafiya da matsakaicin sauri, bugu 120 a minti ɗaya, zagaye guda sakan 24 ne. Da ya ƙare sai a koma farko. Wannan ɗan fili shi ne makarantar da kusan duk wani mai busa jaz ya fara shiga.

A waƙe, gaɓoɓin 12 sun kasu layi uku. Mawaƙi ya faɗi magana, ya maimaita ta, sannan ya kawo ta uku da ke warware ta ko ta ƙara dagula ta. Da ma'aikacin gwamnati zai yi nasa, da sai ya ce wata ya ƙare albashi bai shigo ba, ya sake cewa wata fa ya ƙare albashi bai shigo ba, sannan ya rufe da cewa ga mai gidan haya tsaye a bakin ƙofa. Kowane layi gaɓa huɗu ne, amma mawaƙi kan cika kimanin biyu ne kawai, ya bar biyu fanko. Wannan gurbi na mai busa ne. Kunnen da ya saba da mawaƙi da 'yan amshinsa zai gane tsarin nan da nan, illa bambanci guda: amshi ɗaya ne ake ta nanatawa, amsar mai busa kuwa dole ta zama sabuwa a kowane karo. Wanda ke son jin yadda ake yin wannan ya nemi Empty Bed Blues, faifan da Bessie Smith ta yi a 1928 tare da Charlie Green a kan turombon. Tana magana yana ba ta amsa, wani lokaci da tausayi, wani lokaci da gatse, har mutum ya manta ɗayansu ƙarfe ne a bakinsa.

A ƙarƙashin waƙar kuma akwai abin da mai fiyano ko mai jita ke riƙewa, wato amo uku ko huɗu da ake bugawa a tare, mu kira shi dunƙule. Buluz na asali dunƙule uku gare shi. A mabuɗin B-fulat, wanda ya fi dacewa da turombon, ana yin gaɓa huɗu a gida, a kan B-fulat. A fita gaɓa biyu zuwa E-fulat. A dawo gida gaɓa biyu. A je F gaɓa ɗaya. A ratso ta E-fulat gaɓa ɗaya. A ƙarasa biyun ƙarshe a gida. Malamina bai bar ni na taɓa turombon a kan wannan darasi ba sai da na yi makonni ina sauraron faifai ina ɗaga hannu duk lokacin da aka shiga gaɓa ta biyar da ta tara. Na ɗauka ɓata lokaci ne. Daga baya na gane cewa wanda bai san inda yake a cikin gaɓa 12 ba, ko me ya busa kame-kame ne.

Tarkon tsani

Abin da aka fi saurin miƙa wa ɗan koyo shi ne tsanin buluz, jerin amo shida: B-fulat, D-fulat, E-fulat, E, F da A-fulat. A kan zamiya, in an fara daga B-fulat na ƙasa, zangunan su ne 1, 5, 3, 2, 1, 3, a sake dawowa 1. Daɗin wannan tsani shi ne ana iya busa shi a kan gaɓoɓin 12 duka ba tare da wani amo ya yi mummunan karo da fiyano ba. Cikin yini guda mutum zai ji kamar ya iya buluz.

A nan tarkon yake. Ɗan koyo kan kama hawa da sauka a kan tsanin, sama da ƙasa, ba numfashi ba aya, yana zaton yawan amo shi ne yawan magana. Aikina na kullum a ɗakin labarai shi ne yanke irin wannan daga rubutun mutane, jimlolin da babu kuskuren nahawu a cikinsu amma ba su ce komai ba, irin wasiƙar ofis da za ta cinye shafi guda kafin a gane hutu mai ita ke nema. Da na saurari kaina a waya karo na farko, irin wannan wasiƙa na ji. Ba amon da ya kauce, kuma ba jimlar da zan iya tunawa bayan minti ɗaya.

Maganin da aka ba ni ya zo ta hanyar ragi. Kowane dunƙule yana da amo biyu da suka fi bayyana kamanninsa, na uku da na bakwai a lissafin makaɗa. A buluz na B-fulat, abin ya zo wa mai turombon da sauƙi mai ban mamaki. Amon D na sama, a zango na ɗaya, shi ne na ukun dunƙulen gida. D-fulat, a zango na biyu, shi ne na bakwan E-fulat. E-fulat, a zango na uku, shi ne na bakwan F. Amo uku ke nan a zango uku da ke jere, hannu bai yi nisa da fuska ba. Mutum ya riƙe D gaɓa huɗu, ya zame zuwa D-fulat a gaɓa ta biyar, ya koma D a ta bakwai, ya je E-fulat a ta tara, D-fulat a ta goma, D a ta goma sha ɗaya. Ko babu fiyano a ɗakin, mai sauraro zai ji tsarin buluz yana juyawa. Sai an mallaki wannan ƙashin baya sannan amon tsani ke zama ado maimakon hayaniya.

Darasi na biyu ya fi wannan tsanani: zagaye guda da amo ɗaya tak. In aka hana mutum sauya amo, ba abin da ya rage masa sai lokaci, wato yaushe zai shigo, yaushe zai yi shiru, wanne zai ja, wanne zai datse. Duke Ellington ya gina C Jam Blues, wanda aka ɗauka a faifai a 1942, a kan amo biyu kacal, kuma har yau ana busa shi. Jaz yana da irin tafiyarsa, inda amo biyu da ke cikin bugu ɗaya ba sa zama daidai, na farko ya ɗan fi tsawo, nauyin kiɗan kuma ya faɗa kan bugu na biyu da na huɗu. Ɗan fareti ya saba da nauyi a kan na ɗaya da na uku, inda ƙafar hagu ke sauka. Wannan sauyi kaɗai kan ci watanni. Dabarar da aka saba ita ce a saita agogon ƙirga bugu a rabin sauri, a ɗauki kowane ƙas ɗinsa a matsayin biyu da huɗu, a yi ta busa har jiki ya daina gardama.

Abin da magabata suka bari

Kowane babban mai busa turombon a tarihin jaz amsa ce ga tambaya ɗaya, wato yaya za a yi da wannan zamiya mai nauyin tafiya. A faifan jaz na farko da aka sayar, Livery Stable Blues na 1917, kukan saniya aka sa turombon ya kwaikwaya. A New Orleans, inda kiɗan ya tashi, makaɗa kan zaga gari a bayan keken doki suna tallar rawa, mai turombon yana zaune a can ƙarshe yana fuskantar baya domin zamiyarsa ta sami wuri. Kid Ory, wanda ya yi faifai da ƙungiyarsa a 1922 kuma ya shiga Hot Five ta Louis Armstrong a 1925, shi ne uban wannan salo: amo kaɗan, masu kauri, da jan zamiya mai gurnani da ke tura sauran makaɗa zuwa gaɓa ta gaba. Ɗan koyo bai kamata ya raina shi ba. Abin da Ory ke busawa shi ne taswirar dunƙulen nan uku.

Jack Teagarden, mutumin Texas da aka haifa a 1905, ya fara busa yana yaro, hannunsa bai kai zangunan nesa ba. Dole ta sa ya gano cewa amo da yawa suna da gida fiye da ɗaya. F na tsakiya yana zango na ɗaya, yana kuma na shida. B-fulat na sama yana na ɗaya da na biyar. D yana na ɗaya da na huɗu. In aka haura sama, amon suna ƙara matsowa kusa da juna, leɓe ya karɓi aikin da hannu ke yi. Da wannan ya sami laushi da saurin da ba a san turombon da su ba. Har yau abin da ake koya wa ɗalibi ke nan, ya zaɓi zangon da ya fi kusa da inda zai je, kada hannunsa ya yi ta kai-komo a banza.

Wanda ya fi kama ni shi ne Joe Nanton, da ake wa laƙabi da Tricky Sam, wanda ya zauna a ƙungiyar Ellington daga 1926 har rasuwarsa a 1946. Kayan aikinsa abin dariya ne in aka faɗa: robar nan da masu gyaran famfo ke buɗe toshewar bututu da ita, an cire mata sanda. Yakan cusa ƙaramin matoshi a bakin ƙahon, ya riƙe robar da hannun hagu yana rufewa yana buɗewa, yana kuma sauya siffar cikin bakinsa kamar mai furta wasula. Abin da ke fitowa ya yi kama da muryar mutum yana cewa ya-ya, wani lokaci kamar kuka, wani lokaci kamar roƙo. Wanda ya tashi yana jin kakaki a ƙofar fada ba zai yi mamakin a ce ƙarfe na magana ba. Sai dai hanyoyin sun bambanta. Kakaki yana bin hawa da saukar kirarin da jama'a suka riga suka sani, shi ya sa ake gane abin da yake faɗa. Nanton kuwa wasula yake ƙerawa ba tare da kalma ba, ya bar wa mai sauraro ya cika ma'anar.

Sannan aka shiga shekarun 1940, Charlie Parker da Dizzy Gillespie suka zo da salon bibop mai gudun tsiya da dunƙule masu sauyawa kusan kowane bugu biyu. Mutane da yawa sun ɗauka kwanan turombon ya ƙare. J. J. Johnson, haifaffen Indianapolis a 1924, shi ya ƙaryata su. Ya watsar da jan zamiya da gurnani, ya tsabtace kowane amo, har wasu da suka ji shi a faifai suka yi zaton turombon mai maɓallai yake busawa. Sirrin yana ga harshe. Da yake zamiya kan ja amo ɗaya ya shige cikin ɗaya, dole harshe ya taɓa kowane amo a hankali, da wani abu kamar da ko du, daidai lokacin da hannu ke tafiya. In harshe ya yi nauyi a ji fareti, in ya yi sakaci a ji saniyar 1917. Daga baya su Carl Fontana suka shahara da wata dabarar harshe mai kama da furta du-dul-du-dul, wadda ke ba da damar gudu ba tare da an yi kaushi ba. Abin lura shi ne, in aka zauna aka rubuta busan Johnson, sai a tarar bai cika yawan amo ba. Ɗan guntun zance yakan ɗauka ya juya shi, ya maimaita, ya bar gurbi. Ɗalibai kan zo masa don gudu, su tafi da darasin tsimi.

Kwaikwayo kafin ƙirƙira

Duk wannan ba a koyonsa daga littafi. Hanyar da ta fi tsufa, kuma har yau ba a sami wadda ta fi ta ba, ita ce a ɗauki busan wani gwani a haddace shi da kunne. A saurari gaɓa biyu sau ashirin, a rera su da baki har su zauna, sannan a nemo su a kan zamiya. Dokar malamina ita ce abin da ba ka iya rerawa ba, ba ka da izinin busa shi. Ba dole ne a fara da mai turombon ba. Busan Miles Davis a Freddie Freeloader, cikin faifan Kind of Blue na 1959, buluz ne a B-fulat, ba shi da gudu, kuma jimlolinsa a fili suke kamar na mai magana da yara. Na Curtis Fuller a Blue Train, faifan John Coltrane na 1957, sai an yi ƙwari.

Akwai masu ganin cewa tunda ana samun waɗannan busa a rubuce a intanet, wahalar da kai ce a ce sai an bi ta kunne. Ban yarda ba. Takarda za ta gaya maka amon D-fulat ne, ba za ta gaya maka cewa mai shi ya shigo masa ta ƙasa ba, ya ɗan makara da gangan, ya sake shi da rawar murya a ƙarshe. Wanda ya koyi Hausa daga ƙamus kaɗai, da ya buɗe baki za a san baƙo ne. Jimlar da aka haddace kuma ba a barinta yadda aka same ta. A busa ta a wani mabuɗin, a sauya mata ƙarshe, a fara ta daga bugu na biyu maimakon na ɗaya, har ranar da za ta fito da kanta a tsakiyar busa, mai ita bai ma tuna daga wa ya aro ta ba.

Abokan gwaji ba su da wuya yanzu. Tun 1967 Jamey Aebersold ya fara fitar da faifan da makaɗa ke riƙe kiɗa su bar wa ɗalibi gurbin busa, yau kuma manhajoji irin su iReal Pro suna yin wannan a waya, a kowane mabuɗi da kowane sauri. Abin da ya fi wuya a Abuja shi ne maƙwabta. Turombon ba ya rufa asiri, kuma mai zama a bene ba shi da mafita sai matoshin gwaji da ke shaƙe amon, ko ya nemi fili da yamma. Minti 20 kullum ya fi awa uku ranar Asabar, domin leɓe tsoka ce, tana mantuwa. Lokacin hunturu kuma ƙura kan shiga zamiya ta sa ta kartawa, sai an riƙa goge ta ana shafa mata mai ana fesa ruwa, leɓɓa ma su tsage in ba a kula ba. Mai sayen na hannu ya fara duba zamiya kafin ƙyallin jiki. 'Yar lotsawa ɗaya a jikinta ta isa ta hana shi sakat.

Tsohuwar alaƙa

Ba yau wannan kiɗa ya fara zuwa nan ba. Louis Armstrong ya ziyarci Nijeriya a 1960, jim kaɗan bayan samun 'yancin kai, da Trummy Young a kan turombon. Randy Weston, mai fiyano, ya zo Legas a 1961, kuma wadda ta tsara masa kiɗan faifansa Uhuru Afrika na 1960 da Highlife na 1963, inda ya busa wani kiɗan Bobby Benson, ita ce Melba Liston, mai busa turombon da ta yi aiki a babbar ƙungiyar Gillespie a zamanin da ba a saba ganin mace a wannan kujera ba. A Afirka ta Kudu, Jonas Gwangwa ya busa turombon a ƙungiyar Jazz Epistles tare da Hugh Masekela kafin mulkin wariya ya tura su gudun hijira.

Wasu masana sun kai alaƙar can baya. Paul Oliver a littafinsa Savannah Syncopators na 1970, da Gerhard Kubik a Africa and the Blues na 1999, sun kawo hujjar cewa siffofin buluz, irin su lanƙwasa murya da waƙar mutum ɗaya da abin kiɗa mai tsirkiya, sun fi kama da kiɗan yankin savana na Afirka ta Yamma fiye da gangunan bakin teku. Kubik har ya kwatanta wani Bahaushe mai goge da ya ɗauka a Kamaru da Big Joe Williams na Mississippi. Magana ce mai daɗin ji a gare mu, kuma saboda daɗin nata ya kamata a yi hattara da ita. Kamanni ba shi ne shaidar gado ba, kuma buluz, ko daga ina irinsa ya fito, a gonakin audugar Amurka ya tsiro, wahalar mutanen can ce ta shayar da shi. Abin da zan iya shaida kawai shi ne, kunnen da ya saba da goge ba ya jin amon tsakankanin nan a matsayin kuskure, wannan kuwa rabin aiki ne.

Mai tace labari a cikin kai

A 2008 wasu masu bincike biyu a Amurka, Charles Limb da Allen Braun, suka sa ƙwararrun masu fiyano na jaz su shida cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, da ɗan ƙaramin fiyano da aka ƙera don wannan aiki. Suka sa su buga abin da suka haddace, sannan su ƙirƙira nan-take a kan tsarin buluz. Lokacin ƙirƙirar, sashen gaban ƙwaƙwalwa da ake dangantawa da sa wa kai ido da tantance abin da mutum ke yi ya rage aiki, wani sashe da ake dangantawa da bayyana kai kuma ya ƙara. Mutum shida ba su da yawa, kuma dukansu gwanaye ne, saboda haka kada wani ya ɗauka cewa daina tunani shi ne hanyar koyo. Su sun yi tunaninsu shekaru da dama kafin ranar. Amma sakamakon ya dace da abin da na gani a kaina. Sana'ata ita ce kama kuskure kafin ya fita, kuma wannan ɗabi'a, da ke ciyar da ni da rana, ita ce ke shaƙe ni da daddare. Ina cikin busa gaɓa ta uku, wani a cikin kaina yana ja wa ta biyu jan layi.

A dandali babu gyara. Amon da ya fita ya fita. Abin da makaɗa suka gano shi ne kusan duk amon da ya yi karo da dunƙule, rabin taki ne tsakaninsa da wanda ya dace, rabin taki kuwa a turombon zango ɗaya ne. In aka zame zuwa maƙwabcin cikin natsuwa, mai sauraro zai ɗauka da gangan aka yi, in aka sake maimaita shi a jimla ta gaba ma sai ya tabbata. Wanda ya tsaya ya yamutse fuska shi ne ya sanar da jama'a cewa an yi ɓarna.

Zaman makaɗa yana da ladubbansa, kuma ba a rubuta su a ko'ina ba. Baƙo ba ya hawa sai an kira shi. In an ba shi fili, zagaye biyu ya isa, ya sauke ƙaho tun ana marmarinsa. Wani lokaci a yi musayar gaɓa huɗu-huɗu da mai ganga, wanda shi ne gwajin gaskiya na ko mutum yana sauraro ko jiran layinsa kawai yake yi. In ya ɓata, ya yi shiru ya kasa kunne ga mai jitar bes, gaɓa ta biyar ko ta tara za ta zo ta same shi.

Karo na farko da malamina ya tura ni gaba a irin wannan zama, na shiga da jimloli huɗu da na yi wata uku ina tanadi. Biyu sun gudu tun kafin mai ganga ya gama ƙirga. Na busa D, na riƙe shi fiye da yadda na yi niyya domin ban san abin da zan sa a bayansa ba, sai na ji mai fiyano ya amsa mini da amo biyu, kamar mai cewa ina jin ka, ci gaba. Na zame zuwa D-fulat a kan lokaci. A gaɓa ta tara na ɓata, kamar yadda har yau nakan ɓata a wurin, na tsaya na jira gida ya zagayo. Da na sauko dattijon bai ce na yi kyau ba, bai ce na yi muni ba. Ya karɓi turombon ɗin ya gwada zamiyar da yatsa biyu, ya ce ta bushe, in sa mata ruwa kafin zagaye na gaba.